Abincin Wanda Tauna Ko Haɗiya Ta Gagara

Iyayena da 'yan'uwana mazauna Sabon Ibadan, da Agege, da Shagamu, da sauran zangonnin Kudu.

Maganata a yau a kan dattawanmu ce waɗanda haƙoransu suka zube, ko ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa su har haɗiya ta zama aiki. A gida akwai mata da jikoki masu lura da kwanonsu. A nan kuwa da yawa gwagware ne, abincinsu na saye, tsire da burodi da teba. Ran da tauna ta gagara sai mutum ya koma wa koko tsararo da shayi, in an tambaye shi ya ce ya ƙoshi, don kunya. Kafin a ankara riga ta yi masa yawa, a ce tsufa ne, alhali kuwa yunwa ce.

Koko tsurarsa cika ciki kawai yake yi. Abinci mai laushi ma tilas ya ɗauki abin gina jiki. A dama kunun gyaɗa da kauri a zuba madara. A ba shi alala, da faten wake wanda ya dahu ya narke, da fura da nono wadda aka dama babu gudaji, da ƙwai, da kifi wanda aka tsince ƙayarsa tsaf. Nama a dafa shi liƙis a daka cikin miyar kuka, a ƙara cokali guda na manja. Kada kuma mu raina amala da miyar ewedu ta maƙwabtanmu Yarabawa, lalo ne dai da muka sani, santsinsa na taimakon loma. A ci kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a yini. Mai ciwon sukari ya nemi shawarar likita tukuna.

Haɗiya ita ce mai hatsari. A maƙogwaro hanya biyu ce, ta iska a gaba, ta abinci a baya, da wani ɗan murfi mai rufe ta iska lokacin haɗiya. In ciwo ya rage masa sauri, ruwa tsararo yakan riga shi, ya faɗa huhu, daga nan sai ciwon huhu. Saboda haka a zaunar da majinyaci sosai, a ba shi da ƙaramin cokali ba gaggawa, kada ya kwanta sai bayan minti 30. Ɗura wa wanda ke kwance ruwa, ko mai gyangyaɗi, ganganci ne ko da da kyakkyawar niyya aka yi. A kuma wanke masa baki safe da dare.

Wanda ke tari ko shaƙewa duk lokacin cin abinci, ko muryarsa ta koma kamar ta mai kurkure, ko loma take tsaya masa a ƙirji yana ta ramewa, kada a jira sai an koma gida da Salla. A kai shi asibiti cikin makon nan, a nemi a duba haɗiyarsa, su faɗi irin kaurin abin shan da ya dace da shi.