Jawabin da Aka Gabatar a Taron Tsofaffin Ɗalibai Kan Tsara Addu'o'i Don Ofishin Ba da Shawara



Shugaban wannan ƙungiya, malamanmu da Allah Ya ja kwanansu har suka zauna da mu yau, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, ina gaishe ku baki ɗaya. Minti goma aka ba ni, zan yi ƙoƙari kada in ci lokacin mai jawabi na gaba.

Tun 1977 manufar ilmi ta ƙasa ta ambaci ba ɗalibai shawara a makarantu, kuma ni ma na yi shekaru ina riƙe da irin wannan ofis. Wata ranar Laraba aka kawo mini wani yaro ɗan aji uku, an aiko daga gida cewa mahaifinsa ya rasu. Na san akwai addu'ar da Manzon Allah (SAW) ya koya wa Ummu Salama lokacin da mijinta Abu Salama ya rasu, na kuma san tana cikin Sahihu Muslim, amma lafazinta ya ɓace mini. Na jawo littafi ina ta buɗe shafuka, yaron yana kallona, har ɗan sakon da ya zo ɗaukarsa ya ce mota za ta tashi. Haka ya tafi da "ka yi haƙuri" kawai. Abin ya daɗe yana cin raina.

Littattafan kam muna da su. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya bar mana Al-Azkar. Akwai kuma Hisnul Muslim na Shaihu Sa'id Alƙahɗani, wanda yawancinku kuna da shi a aljihu ko a waya. Amma an jera su ne bisa lokuta da halaye: tashi daga barci, shiga masallaci, tafiya, da sauransu. Shi kuwa ɗalibi ba ya zuwa da sunan babi. Cewa yake, "Malam, gabana faɗuwa yake," ko "Ba na iya barci," ko ya yi shiru sai ka tono.

Saboda haka na sayi kati, na fara da bakin yaran. Kowane kati, a samansa na rubuta kukan da ɗalibi ke zuwa da shi da Hausar da yake faɗa. A ƙasa sai addu'ar da Larabci, da ma'anarta da Hausa, da inda aka samo ta. Mai in'ina ko tsoron magana a gaban aji, katinsa yana kai ka addu'ar Annabi Musa a Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28. Wanda ya ji duniya ta yi masa ƙunci, addu'ar Annabi Yunusa a Suratul Anbiya, aya ta 87. Mai ciwo, ta Annabi Ayuba a aya ta 83 ta wannan surar. Wanda ya rasa inda zai nufa tsakanin ajin kimiyya da na fasaha, hadisin Jabir na istihara a Buhari.

Layin nan na asali shi na fi tsananta wa. Duk lokacin jarrabawar WAEC sai ka ga takardu na yawo, wai wanda ya karanta kaza ƙafa kaza ba zai faɗi ba. A da kofe ake yi, yanzu ta WhatsApp suke zuwa. Abin da ban iya nuna surarsa ko littafinsa ba, bai shiga akwatina ba.

Bayan katin kuma na rubuta abin da malami zai yi ban da addu'a. Yarinyar da ke faɗuwa tana shure-shure, kafin a ce aljanu ne, katin ya ce a kai ta asibiti a duba farfaɗiya. Yaron da ya ce ya gaji da rayuwa, ba a barinsa shi kaɗai, a sanar da shugaban makaranta da iyaye a ranar. Ba a rubuta sunan ɗalibi a kati ko kusa. Ɗalibanmu Kirista kuwa ba a miƙa musu katin, a saurare su, a haɗa su da malamin addininsu in sun so.

Da 'yata ta zuba mini katunan a kwamfuta, sai wata matsala ta ɓullo. Ka buga "bakin ciki" ba lanƙwasa, na'ura ta ce babu, alhali "baƙin ciki" yana nan. Ga shi kuma wani zai nemi "damuwa", wani "ɓacin rai", wani "fargaba". Dole muka bi kowane kati muka sa masa duk kalmomin da ake iya nemansa da su, da lanƙwasa da babu.

Roƙona ga ƙungiya biyu ne. A nemo mana malamai biyu masu sanin hadisi su bi katunan ɗaya bayan ɗaya, domin ni ba malamin hadisi ba ne, kuma na tabbata akwai gyara. Sannan a ɗauki nauyin buga su, a ajiye kofe a ofishin ba da shawara da wurin kowane malami mai kula da ɗakin kwana, tunda yawancin kukan nan da dare yake tashi. Akwatin yana kan teburin sakatare ga mai son dubawa bayan an tashi.