Sunan Sa'adu a Bakin Iyaka



Yau sharhinmu a kan suna ne, da yadda kwamfuta ke karanta shi.

A Magama ta Jibiya, hanyar Katsina zuwa Maraɗi, matafiyi kan miƙa takardarsa, jami'i ya duba. Inda aka kawo kwamfuta, ita ake tambaya. To, ku saurara da kyau. Kwamfuta ba ta ɗaukar kowace alama a matsayin rubutu. Wasu alamomin umarni ne a wurinta. Ɗigo, a wani irin bincike, yana nufin kowane harafi. Tauraro kuma, komai ma ya shigo.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗan waƙafin nan na sama. Yana cikin Sa'adu. Yana cikin Mu'azu, yana cikin Asma'u. A harshen rumbun bayanai, wannan alama ce ke rufe magana. Idan mai rubuta manhaja ya yi sakaci, na'ura ta karanta "Sa", ta tsaya cak. Mutum na tsaye a rana, ana cewa babu shi. Ko a layukan ƙasan fasfo, waɗanda na'ura ke karantawa, ƙa'idar duniya ita ce a cire wannan alama.

Maganin sananne ne. A gaya wa na'ura ta ɗauki rubutun yadda yake, harafi da harafi, ban da fassara. Aiki ne na layi ɗaya ko biyu.

Matasanmu masu rubuta manhaja a Katsina da Kano, don Allah, kafin ku miƙa aiki, ku gwada shi da sunan Sa'adu. Ku gwada da Asma'u.

A huta lafiya.