Haƙƙin Maƙwabci a Gulbin Gada

 

Gulbin Gada da ya ratsa Jibiya bai san shingen kwastan ba. Yakan tsallaka Nijar, ya shayar da ƙasar Maraɗi, sa'an nan ya komo Nijeriya ya faɗa Gulbin Rima. Shi ya sa yana cikin ruwayen da ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar raba su bisa adalci a Maiduguri, a 1990.

Madatsar Jibiya ta rufa asirin manoman rani da masunta, kuma ba mu ce kowa ya bar sana'arsa ba. Amma duk wanda ya wanke tankin feshi a bakin ruwa, ko ya sare itatuwan gaɓa domin gawayi, to ya ci abincinsa ne da haƙƙin maƙwabci.

Muna kukan ƙasashe masu masana'antu sun gurɓata iska, Afirka mai kimanin kashi 4 cikin 100 na hayaƙin tana ɗanɗana kuɗarta. Wajibi ne su ɗauki nauyin ɓarnarsu. To amma yadda muke ƙarƙashin hayaƙinsu, haka mutanen Maraɗi suke ƙarƙashin ruwanmu.

Allah ya ba mu ikon gyarawa.