Littattafan da Ya Kamata Mahayi Ya Ajiye a Ɗakinsa



An nemi in yi magana a kan littattafan da ya kamata mahayi ya mallaka, kuma na san abin da wasu ke jira: kundayen hotunan hawan sallah masu ƙyalli, irin waɗanda jami'an yawon buɗe ido ke so, balle yanzu da UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024. Su yi haƙuri. Hoton jalala da alkyabba bai taɓa tayar da dokin da ya kwanta ba. Littafin farko a ɗakin mahayi shi ne na lafiyar doki, sauran duk su biyo baya.

Magabata sun riga mu gane haka. Ibn Akhi Hizam, wanda ya yi wa Abbasiyawa hidimar barga a ƙarni na 9, ya haɗa hawa da magani a littafi ɗaya. A ƙarni na 14 Abubakar ibn Badr, likitan dawakin Sarkin Masar Nasir Muhammad ibn Ƙalawun, ya rubuta Kamilus Sina'ataini a kan wannan turba, har Faransawa suka fassara shi a ƙarni na 19. A gefensa mahayi ya ajiye na zamani, kamar Veterinary Notes for Horse Owners na Horace Hayes, wanda ya fara fitowa a 1877 kuma aka yi ta sabunta shi. Me ya sa na nace? Domin doki ba ya amai, tumbinsa kuma ƙarami ne, an halicce shi ya ci ciyawa kaɗan-kaɗan yini guda. Yaron barga da ya tula masa dawa da safiyar hawa, wai don ya yi ƙarfi, ciwon ciki ya gayyato. Can da la'asar sai ka ga dokin yana tonon ƙasa da kofato, yana waiwayen cikinsa, zufa na tsatsafowa, yana neman birgima. Wanda ya karanta zai janye abinci ya aika a kira likita. Wanda bai karanta ba zai ɗaga kan dokin ya ɗura masa jiƙon kanwa, ruwan ya sauka a huhu, a tashi da cuta biyu. Haka ma annobar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba ke yaɗawa, tana iya kashe tara cikin goma na dawakin da ba su da rigakafi. Mai sayo dokin folo daga Ajantina da maƙudan kuɗi ya kamata ya san wannan kafin dokin ya sauka.

Na biyu, ɗan littafin Zenofon, Bagirken nan na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. A zama ɗaya ake karance shi. Ya ce mahayi ya mallaki linzami biyu, mai kaifi da mai santsi, kuma ya hana hukunta doki cikin fushi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu jahi ya ga kumfa mai jini-jini a bakin doki ya san da wa ake.

Na tarihi ba zan daɗe a kansu ba, kun san su. The Horse in West African History na Robin Law, 1980, da littafin Joseph Smaldone na 1977 a kan yaƙi a Daular Sakkwato, sai Tarihin Kano, inda aka ce Sarki Kanajeji ne ya kawo lifidi da sulke. Waɗannan sun isa.

Za a ce hawa ba a takarda ake koyonsa ba, kakanninmu sun ci yaƙi a kan sirdi ba su karanta Hayes ba. Gaskiya ne, amma suna da shamaki da ya tsufa a barga, yana gane ɗingishi tun daga nesa. Yau mafi yawan dawakin gari suna hannun samarin kilisa da masu haya ranar biki, ba dattijo a bayansu. Wasu abokan aikina kuma na cewa a bar jinya ga likitoci. To, likitan dawaki nawa ne a ƙaramar hukuma? Kafin ya iso, mai dokin ne a tsaye a kan turke.

Saboda haka abin da na daɗe ina kira a kai shi ne na yau ma. Sassan Larabci na jami'o'inmu su fassara littafin Ibn Badr zuwa Hausa, likitoci su sa masa sharhi, su nuna maganin da zamani ya tabbatar da wanda ya soke. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom da tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello su fito da ɗan littafin barga, a boko da ajami, wanda zai shiga aljihu. Masarautu kuma su ware wani abu daga kuɗin kwalliyar hawa, a zauna da tsofaffin shamakai na Kano da Katsina da Damagaram a rubuta abin da suka sani game da kiwo da horo tun suna raye.