Ruwa Garai-Garai Ba Shaida Ba Ne: Jawabi Kan Ƙasarmu Da Rijiyoyinmu

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, shugabannin rassan ƙungiya na Kaduna, Kano, Abuja da Legas, 'yan uwa maza da mata.

Duk shekara idan muka zo gida, babu aikin da ya kai haƙa rijiyar burtsatse faranta mana rai. Mukan tara kuɗi, a kawo inji, ruwa ya ɓulɓulo garai-garai, a yi addu'a, mu koma birni. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: wace irin ƙasa ruwan nan ya ratso kafin ya iso bokiti?

Akwai wani sinadari mai guba da ake kira asenik, wanda ke cikin wasu duwatsu tun asalin halitta. Idan ya narke a ruwa ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano, tafasawa kuma ba ta fitar da shi. Sai an yi shekaru ana sha sannan baƙaƙen ɗigogi su bayyana a fata, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, wani lokaci har ya kai ga ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 0.01 a lita guda, ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta 2007 ma haka ta tanada.

To, ina ruwan ƙasar noma da wannan magana? Jar ƙasar nan da muke noman auduga da masara a kanta, daga Funtuwa zuwa Bakori, Ƙafur da Malumfashi, tsatsar ƙarfe ce ta rina ta. Wannan tsatsa alheri ce gare mu, domin takan cafke asenik ta hana shi bin ruwa, matuƙar iska tana ratsa ƙasar. Amma a fadama, inda ruwa ke kwanciya bisa laka da ruɓaɓɓen ganye, ƙwayoyin halitta kan cinye iskar, tsatsar ta narke, ta saki abin da ta riƙe. Haka ta faru a Bangaladash. Tun daga shekarun 1970 aka yi ta haƙa rijiyoyi cikin ƙasar da koguna suka jibge, don a raba jama'a da kwalara da gudawa. Niyya kyakkyawa, irin tamu. Sai a 1993 aka gano miliyoyin mutane guba suke sha.

Hanya ta biyu ta fi kusa da mu, wato dutsen da ke ƙarƙashi. Yankinmu yana zaune bisa tsohon dutse ne, ruwanmu kuwa a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsagoginsa yake taruwa. Masana sun san wani zirin dutse da suka laƙaba wa sunan Malumfashi, dangin waɗanda ake samun zinariya a cikinsu a Birnin Gwari da Anka, asenik kuwa abokin tafiyar zinariya ne. A ƙauyukan Wahiguya da ke arewacin Burkina Faso, cikin shekarun 2000, an iske shi da yawa a wasu rijiyoyin burtsatse masu zurfi, alhali yawancin rijiyoyin gargajiya na kusa lafiyarsu ƙalau. Ashe zurfi kaɗai ba ya wanke rijiya. Mun kuma ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje.

Manomanmu ma su lura: sinadarin fosfet da ke cikin takin supa da kamfa yakan yi kokawar mazauni da asenik a jikin tsatsar nan, ya ture shi. Ba mu ce a daina zuba taki ba, sai dai a nisanta rijiyar sha da gonar rani.

Ba mu tashi tsoratar da kowa ba, ba mu kuma yanke wa wata rijiya hukunci ba. Awo ne ke yin wannan. Roƙonmu ga kwamitin ayyuka shi ne, kada a ƙara miƙa rijiya ga jama'a sai an kai ruwanta ɗakin gwaji, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko a Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando, Kaduna. A auna kowace rijiya daban, har da waɗanda muka riga muka haƙa, domin biyu kan yi maƙwabtaka su saɓa. A auna da rani, a sake da damina. Wadda ta wuce ƙa'ida a shafa wa famfonta jan fenti kamar yadda aka yi a Bangaladash, a bar ta ga wanki, kuɗin awon kuma a sa shi cikin kasafin haƙar tun daga farko.