CIWON KAFAƊA: ABIN DA ZA A YI A GIDA, DA LOKACIN DA ZA A NUFI ASIBITI

Zancenmu na yau a kan ciwon kafaɗa ne, ciwon da kusan babu gidan da bai taɓa leƙawa ba. Ɗan dako mai sauke buhuna a kasuwa ya san shi, haka mai turin kurar ruwa, da manomi a lokacin huɗa, da uwargida mai daka, da tela, har da akawun da ke wuni a sunkuye bisa tebur. Galibinsa yakan warke a gida. Amma akwai irin da ba ya jiran gobe, saboda haka wajibi ne kowa ya san yadda zai rarrabe su.

Da fari bari mu dubi yadda gaɓar take. Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a nan, watau ƙashin dantse, da allon kafaɗa, da ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya. Kan ƙashin dantse mulmulalle ne, gurbin da yake zaune a ciki kuwa ba shi da zurfi, kamar a ɗora lemo a kan ɗan ƙaramin faranti. Wannan ne ya sa babu gaɓar da ta kai kafaɗa juyawa a jikin mutum, shi ne kuma ya sa ta fi sauran saurin gocewa. Tsokoki huɗu da jijiyoyinsu ne ke riƙe da ita. Yawancin ciwon da muke kuka da shi daga waɗannan jijiyoyi yake tasowa, idan an gajiyar da su da ɗaga kaya, ko da aikin da hannu ke daɗewa a sama da kai.

To, idan ciwon ya zo a hankali, ba faɗuwa aka yi ba, babu zazzaɓi, sai a dakata da aikin da ya jawo shi na 'yan kwanaki. A kwana biyu ko uku na farko a naɗe ƙanƙara a cikin tsumma a ɗora a wurin har minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a yini. Kada a ɗora ta a kan fata tsirara. Bayan haka sai a koma gashi da tsumman da aka tsoma a ruwan ɗumi. Da dare a kwanta ta ɗaya gefen, a tallafe hannun da matashin kai. Babba yana iya shan farasitamol ƙwaya 2 masu miligiram 500, amma kada ya wuce sau huɗu a yini da dare. Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac suna rage zafi ƙwarai, sai dai mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mace mai juna biyu, su nisance su sai da iznin likita. Haɗe-haɗen ƙwayoyin nan kuwa da masu talla ke ƙullawa a leda da sunan maganin gajiya, mai sayar da su kansa ba zai iya gaya muku abin da ke ciki ba.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke kuskure. Hutawa dabam, ɗaure hannu dabam. Wanda ya rataye hannunsa a wuya mako da makonni domin tsoron zafi, wata rana zai tarar kafaɗar ta sandare, ba ya iya sa riga, ba ya iya kai hannu bayansa. Wannan sandarewa ta fi kama masu shekara 40 zuwa 60, musamman masu ciwon sukari, tana kuwa iya ɗaukar shekara ɗaya har zuwa uku kafin ta saki. Saboda haka lalle ne a riƙa motsa gaɓar kullum. A dafa tebur da hannu mai lafiya, a sunkuya, a saki mai ciwon yana lilo gaba da baya, sa'an nan a kewaya da shi a hankali. In an sami sauƙi sai a fuskanci bango, a riƙa hawa da yatsu sama kaɗan kaɗan. Ɗan jin ja ba laifi ba ne, amma da zarar an ji suka sai a tsaya. Tsaga da ƙaho ba sa kai wa ga jijiyar da ke ciwo, aska marar tsabta kuma tana iya shigar da wata cutar da ta fi ta farko.

Idan an yi mako biyu ana wannan babu sauƙi, ko ciwon yana hana barci, ko hannu ya rage ƙarfi, sai a tafi asibiti. Haka nan mai sikila da kafaɗa ta dame shi, domin cutar takan hana jini isa kan ƙashin dantse. Likita zai duba, wataƙila ya sa a ɗauki hoto, ko ya tura mutum sashen gashin ƙashi. Wanda lamarinsa ya yi tsanani akan aika da shi manyan asibitocin ƙashi na Tarayya, kamar na Dala a Kano, da na Igbobi a Legas, da na Enugu.

Amma akwai halin da ba a jira ko na sa'a ɗaya. Wanda ya faɗi ko ya yi hatsari, aka ga siffar kafaɗarsa ta sāke, ko ya kasa ɗaga hannu sam, kada 'yan'uwa su taru su ja hannun. A tallafe shi da ƙyalle yadda yake, a kai shi asibiti. Mun san darajar masu ɗori a wurin jama'a, sai dai ido ba ya ganin abin da hoto ke nunawa, ɗaurin da ya matse kuwa yana tsai da jini har hannu ya ruɓe a kai ga yankewa. Haka kuma idan gaɓar ta kumbura ta yi zafi ga zazzaɓi, ko yatsu sun mutu sun yi sanyi.

Abin da ya fi hatsari shi ne ciwon da ake ji a kafaɗa alhali kuwa asalinsa yana wani wuri. Idan ya zo tare da nauyin ƙirji, da gumi, da sarƙewar numfashi, ko yana gangarawa hannun hagu ko yana hawa muƙamuƙi, to, mai yiwuwa zuciya ce, musamman ga mai hawan jini ko ciwon sukari. Wanda aka buge shi a ciki, daga baya ya ji ciwo a kafaɗar hagu, mai yiwuwa saifarsa ce ta fashe tana zubar da jini a ciki. Macen da ta yi ɓatan wata, ta ji ciwon mara da jiri da suka a ƙarshen kafaɗa, ana tsoron cikin ya zauna a wajen mahaifa ne. Maigida, kada ka tsaya neman man shafawa, kada kuma ka ce sai gari ya waye. A nemi mota a kai ta asibitin da ake yin tiyata, a kuma gaya wa likita ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe.