Yadda Ake Neman Gudummawar Gyaran Kayan Tarihi

Jawabi ga Hakimai da Magatakardansu

Ko wace damina sai ta ci wani abu daga gine-ginen da magabata suka bari. Bana kusurwar ganuwa ta zube, baɗi soron tsohon zaure ya rufta, har wata rana a wayi gari ba sauran abin nuna wa yara sai tudun ƙasa. Ganuwar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya fara, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa a zamanin sarautarsa, daga 1463 zuwa 1499, ta isa misali: ruwa ya ci wani sashe, masu ɗibar ƙasa da masu gine-gine sun ci wani. To, in haka ta sami babban birni, ina ga ƙaramar gunduma?

Akwai hukumomi da ke ba da kuɗi don irin wannan aiki. Amma ba sa bayarwa domin tausayi, sai sun ga takarda wadda ta bayyana aikin sarai. A nan ne hakimi da magatakarda ke da babban rabo.

Tun 1953 aka yi dokar kiyaye kayan tarihi a Nijeriya. A 1979 aka maye gurbinta da wata, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Bisa ga wannan doka, ginin da aka sa cikin jerin kayan tarihin ƙasa ba a rushe shi, ba a sāke masa siffa sai da iznin Hukumar a rubuce. Haka kuma ba a tona kufai don neman kayan dā, ba a fita da su ƙasashen waje sai da izni. Saboda haka kafin a rubuta wa kowa, lalle a fara tuntuɓar ofishin Hukumar mafi kusa, da ma'aikatar jiha mai kula da al'adu, a san matsayin wurin.

Ban da gwamnati, akwai masu taimako daga waje. A 2001 Amurka ta fara ba da irin wannan gudummawa ta hannun ofisoshin jakadancinta. A 2004 Babban Ɗakin Karatu na Ingila ya soma wani shiri na biyan kuɗin ɗaukar hoton tsofaffin takardun da ke neman lalacewa. Sharaɗinsa shi ne takardun ba sa barin ƙasarsu, hoto kaɗai ake ɗauka. Wannan ya kamata hakimi ya bayyana wa malaman da ke da littattafan gado a gafaka, domin tsoron rabuwa da su ne ya kan sa su ɓoye su har gara ta cinye. Ko wace hukuma tana da lokacin karɓar takardu da ƙa'idodinta, suna kuwa sākewa, don haka a nemi sanarwar shekarar da ake ciki a karanta ta duka.

Takardar roƙo mai kyau tana amsa tambaya biyar.

Ta farko, mene ne abin? Ba ya isa a ce "muna da tsohuwar ƙofa mai ɗimbin tarihi". A auna tsawonta da faɗinta da kaurin bangonta. A ɗauki hotonta ta ko wane gefe, musamman inda ta tsage. A tara dattawa a rubuta abin da suka sani: wa ya gina, a zamanin wane sarki. Abin da aka samu a rubuce a ce a rubuce yake, abin da aka ji a baki a ce ji aka yi. Kada a ƙara wa gini shekarun da ba nasa ba, gama masu duba takardun masana ne, in suka kama ƙari guda sai su yi shakkar sauran.

Ta biyu, na wane ne? Yawancin roƙon da ke faɗuwa a nan yake tuntuɓe. In gidan gado ne, sai magada sun yarda a rubuce. In na jama'a ne, a kafa kwamiti mai dagaci da masu unguwa da liman da wakilin magina, a yi masa rajista, a buɗe masa asusu a banki da sunansa. Kuɗin gudummawa ba ya shiga aljihun mutum ɗaya, ko da hakimi ne. Wannan kariya ce ga mutuncin hakimin kansa.

Ta uku, yaya za a yi gyaran? A nan ne ake bukatar hattara ƙwarai. Ginin ƙasa yana shan danshi yana fitarwa. In aka shafe shi da siminti, danshin ya kan maƙale a ciki, bango ya ruɓe ta baya, wata rana simintin ya ɓantale da ƙasar gaba ɗaya. Magina na gargajiya sun san maganin ruwa: makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso wanda ake haɗawa da katsi da gashin jima da dafara, da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, da indararo mai jefa ruwa nesa da gindin bango. A rubuta cewa da waɗannan za a yi aiki, a ƙarƙashin Sarkin Magina. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, an kewaye shi da sabon gini a shekarun 1970. Bakan gizonsa na ciki ya tsira a wancan lokaci, amma mai son ganin siffarsa ta waje yadda take a dā sai ya je Jos ya duba kwaikwayonsa a gidan tarihi. Abin da aka sāke ba ya dawowa.

Ta huɗu, nawa za a kashe? A jera ko wane abu da farashinsa: tubali kaza, azara kaza, ladan magina na kwana kaza, ɗaukar ƙasa da ruwa. Kada a rubuta jimla a dunƙule. A kuma nuna abin da jama'a za su bayar da kansu, kamar aikin gayya da ƙasa da ciyawa, a ƙiyasta shi da kuɗi. Mai bayarwa ya fi sakin jiki da mutanen da suka fara taimakon kansu. Sa'an nan a tsara aikin ya faɗa cikin rani, ya ƙare kafin ruwan farko.

Ta biyar, wa zai kula da wurin bayan kuɗi ya ƙare? Gudummawa sau ɗaya take zuwa, damina kuwa ko wace shekara. Hasumiyar Agadas, wadda garinta ya shiga jerin kayan tarihin duniya a 2013, ba ta kai yau ba sai domin mutanen garin ba su daina yi mata yaɓe ba. Don haka a rubuta ranar yaɓe ta shekara, da unguwar da za ta ɗauki ko wane sashe, da samarin da za su koyi sana'ar wurin magina.

Shawara ga magatakarda ita ce ya fara rubuta takardar da Hausa, ya karanta ta a gaban hakimi da dattawa, a gyara, sa'an nan a juya ta da Turanci. Ya ajiye kwafin kome. In kuɗi ya zo, ya buɗe littafin shiga da fita, ko wane kobo da rasidinsa, ya aika da rahoto a kan lokaci. Gundumar da ta kasa ba da lissafin gudummawar farko da wuya ta ga ta biyu, ta kuma toshe wa maƙwabtanta hanya.

In ba a dace ba a karon farko, kada a yi fushi. A tambayi dalili, a gyara, a sāke nema. Amma kada a zauna jiran amsa alhali soro yana yoyo. Toshe tsaga da gyara indararo ba sa bukatar kuɗin kowa, hakimi ya isa ya sa a yi su kafin damina ta faɗi.